Hula Arba'in da Uku a Ɗakin Ba Mikail

Mikail mai wankin hula, wanda duk unguwar Ajilari ke kira Ba Mikail, wato Baba Mikail, tun kafin furfura ta fito masa, bai taɓa iya riƙe sunan mutum ba. Ka gaya masa sunanka da safe, kafin azahar ya zubar da shi a hanya. Amma ka cire hularka sau ɗaya a gabansa, ko bayan shekara goma ya hango ƙeyarka a tsakiyar kasuwa zai ce ga mai zannar nan ruwan ƙasa, wanda gumi ke tsatso masa ta gefen hagu. Sana'ar ya gada wurin mahaifinsa, a wata rumfar kwano da ke bakin tashar motoci kusa da Kasuwar Kwastam. Tare da rumfar ya gaji baho da buroshi, da kawunan itace ashirin waɗanda ake kifa wa hula ta bushe a kai, da kuma ƙa'ida ɗaya da tsohon ya yi ta nanata masa har ya koma ga Allah: kada mai hula ya zo ya tarar da hularsa ba a shirye ba. Littafin rubuta suna kuwa babu shi a cikin gadon. Tsohon yana ganin rubuta sunan mai hula raina sana'a ne, shi ma ɗan haka ya tashi yana gani.

Yawancin masu kawo masa wanki ba mutanen gari ba ne. Direbobi ne da fatake daga Bama da Dikwa da Gamboru da Marte, masu shigowa sau ɗaya a mako. Mutum zai sauko daga mota ya cire mai dauɗa ya miƙa, ya karɓi wadda ya bari wancan makon, ya kifa a ka, ya duba kansa a ɗan madubin da ke rataye jikin rumfar, ya wuce harkarsa. Ba a cika yin magana ba. Da wannan Ba Mikail ya yi aure, ya gyara ɗaki biyun da ya gada a Ajilari, ya haifi 'ya'ya huɗu da matarsa Ya Kaltum, mace mai hannun soya gyaɗa da bakin da ba ya ajiye magana ta kwana. Ba su yi arziki ba, amma tukunya tana hawa wuta sau biyu a rana.

A daminar shekarar 2014 garuruwan nan suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da motocin Gamboru suka saba shigowa, Ba Mikail ya jera hulunansu ya zauna, ba su zo ba. Na Dikwa ma haka, na Bama ma haka. Mutane suna shigowa gari a ƙafa, dubbai, wasu ko takalmi babu, amma cikinsu bai ga ƙeyar da ya sani ba. Da ya ƙirga abin da ya rage a hannunsa, hula arba'in da uku ce, kuma ba na banza ba. Akwai zanna, akwai bangwal, akwai 'yar Bama irin wadda ake wata biyu ana ɗinkin ta. Kowace ya san kan da take hawa, bai san sunan ko mutum ɗaya ba.

Da wani bam ya tashi a kusa da tashar ya yayyaga rufin rumfuna, Ba Mikail ya tsira da ƙurjewa a gwiwa, abin da ya fara dubawa kuwa hulunan ne. Ran nan ya kwashe su ya kai gida. Ya ce amanar mutane ba ta zama a rumfar tsakar gida inda kaji ke hawa, saboda haka aka ba su ɗakin ciki, iyali suka dawo ɗaki ɗaya. Kawunan itace ashirin ne kawai, sai ya bi sauran da ƙore da kwanuka, daga baya har da tukwanen Ya Kaltum guda biyu, ya kife su ya ɗora musu hula. Da ta yi magana ya ce ai ya ga kwana biyu ba ta dafa komai a ciki. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma maganar ta fi yi mata zafi.

Kasuwar wanki ta mutu murus. Mutanen gari sun daina sa hula mai tsada, don ba lokacin da mutum zai so a gan shi da alamar wadata ba ne, biki kuma ya koma na mutum goma da goro. Wata rana ya wanke biyu, wata rana ya dawo da buroshinsa a bushe. Amma aiki a gida bai yanke ba. A shekarun nan babu makon da ba a cewa an buɗe hanyar Bama, ko jibi ayarin Gamboru zai shigo da rakiyar soja. Duk ranar da irin wannan labari ya shiga kunnen Ba Mikail sai ƙa'idar mahaifinsa ta tashi. Ya shiga ɗaki ya taɓa hulunan, ya ji sitaci ya saki, ya ce subhanallahi, yanzu da mai ita zai zo fa. Sai ya fito da baho. Ya wanke arba'in da ukun tas, ya goge da buroshi, ya sa sitaci, ya shanya, ya mayar. Hanyar ba ta buɗe ba, mako mai zuwa a sake cewa ta buɗe, shi ma ya sake.

Sitaci da garin rogo ake dama shi, garin rogo kuma shi ne abincin gidan a lokacin. Ranar da Ya Kaltum ta kama shi yana ɗiba daga kwanon da ta ɓoye a bayan randa, unguwa ta ji su. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gidan da hula ke cin abinci yara na kallo ba. Ya ce cokali uku ne kawai. Ta ce cokali ukun nan kunun auta ne. Autar, Ammatullahi, a cikin hulunan ta buɗe ido, har ta ɗauka dangi ne. Da ta fara magana, kullum da safe sai ta leƙa ɗakin ciki ta durƙusa ta gaishe su, ta fito ta kai ƙara cewa su Baba ba sa amsawa.

Ba ita kaɗai ta yi wannan kuskure ba. Wata la'asar samarin unguwa masu sintiri da gora suna bi gida-gida, ɗayansu ya leƙa ta tagar ɗakin ciki, ya ga kawuna a jere sahu-sahu cikin duhu, kowa da hularsa, ba mai motsi. Kafin minti goma an zagaye gidan. Aka fito da Ba Mikail hannu a sama, aka tsaya a bakin ƙofa ana ba na ciki umarni su fito ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya fito. Aka ba su gargaɗi na biyu da Hausa, na uku da Barbarci. Ba Mikail yana ta cewa amanar mutane ce, su kuma suna tambaya mutanen ina, yana cewa na Bama da Gamboru, abin yana ƙara lalacewa. Ya Kaltum ce ta gaji, ta ratsa su ta shiga, ta fito riƙe da tukunyarta mai sanye da bangwal, ta ajiye a gaban shugabansu ta ce ga babban cikinsu nan, su tafi da shi, in da hali su haɗa da sauran. Samarin suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ba da haƙuri suka tafi. Ba Mikail bai yi dariya ba, don ta kama hular da hannun mai.

Wannan labari ne ya kai maganar hulunan kunnen Alhaji Hashim, mai shagon huluna a Kasuwar Kwastam. Ya zo har gida, ya yi wushe-wushe, gaisuwar Barbarci, da mutanen gida, ya shiga ɗakin ciki ya daɗe. Da ya fito idonsa na ƙyalli. Ya ce masu irin wannan ɗinki sun watse, baƙi kuma sun cika gari, ma'aikatan agaji da manyan soja, kowa yana son ya koma gida da hular Borno ta asali. Ba zai tsaya ciniki ba, zai ba da buhun gero biyu da na wake ɗaya da jarkar mai, a kawo har ƙofar gida. Ya ƙara da cewa, cikin murya ƙasa-ƙasa, masu hulunan nan dai Allah ya jiƙan na jiƙai. Ba Mikail ya ce bai ga gawar kowa ba. Alhaji Hashim ya ce ƙofa a buɗe take, kuma daga ranar duk Sallah sai ya aiko da gaisuwa da tuni.

Ya Kaltum ba ta ce masa ya ci amana ba, ita ma tana tsoron Allah. Cewa ta yi ya je ya tambayi masu ilimi, wataƙila akwai wata ƙofa da bai sani ba. Ya je wurin limamin unguwa. Liman ya saurara, ya buɗe littafi, ya ce dukiyar wanda ya ɓata ba a taɓa ta sai an tabbatar ya rasu, in kuwa ba a tabbatar ba sai a jira har ya cika shekara saba'in da haihuwa, kuma ko a lokacin ta magadansa ce. Ba Mikail ya dawo gida da fara'a kamar wanda aka yi wa bushara. Ya shiga ɗaki ya sake jera hulunan bisa shekarun masu su, yadda ya kintata daga furfura da sanƙo. Ya fito ya sanar da Ya Kaltum cewa ta farkon saura shekara takwas a san matsayinta, ta ƙarshen kuwa, ta wani yaron direba, saura arba'in da biyar. Ta ce to madalla, bari ta gaya wa yara su wanke hannu.

Ita ma ta nemo nata malamin, wani a unguwar Mairi, wanda ya ce ai mai wanki yana da haƙƙin ladan aikinsa, zai iya sayar da abin da zai biya shi. Ba Mikail ya je ya same shi ya tambaya ta yaya za a sayar da hular mutum ɗaya a biya wankin mutum arba'in da biyu, ko kuwa kowace za a yanki gefenta ne. Malamin ya ce sai ya duba littafi. Ba Mikail ya fito ya ce wa matarsa yaron yana da ƙoƙari, amma gemunsa bai gama cika ba.

Sai ya yanke shawarar in masu hula ba su zo ba, shi zai je. Ya zuba su a babbar jaka ya nufi wani sansanin 'yan gudun hijira inda aka ce mutanen Dikwa da Bama suke. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar wata bishiya ya fara jerawa. A shekarun nan duk wanda ya ga an jera kaya a kan tabarma ba ya tambaya, layi yake shiga. Kafin ya gama jerawa maza sun yi layi har bayan famfo, mata sun ja nasu daban. Wani ma'aikaci mai riga mai aljihuna da yawa ya zo da takarda ya tambaye shi daga wace ƙungiya yake, da izinin wa kuma yake rabo. Ba Mikail ya ce shi ba rabo yake ba, masu kaya yake nema, ya roƙi mazan su cire abin da ke kansu su juya masa baya. Suka juya, don an saba sa su yin abin da ya fi wannan ban mamaki kafin a ba su abu. Ya bi layi yana duba ƙeya ɗaya-ɗaya, mutum wajen ɗari uku. Matan suna tambaya ko nasu rabon ɗankwali ne, kuma yaushe za a fara.

Can kusa da ƙarshen layi ya tsaya. Ya san wannan ƙeyar, mai tabon ƙaho biyu a ƙasan kunne. Wani dillalin shanu ne na Dikwa, ƙato a da, mai dariya da ƙarfi. Ba Mikail ya ruga ya ɗauko 'yar Bamarsa shuɗiya, ya kifa masa. Hular ta zarce ta sauka har kan gira. Naman kan da na wuyan duk sun zube. Mutumin ya cire ta ya juya ta a hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo ta.

"Malam, tawa ce, na gane ta. Amma a tantin da nake mu goma sha ɗaya ne, ba ni da inda zan ajiye. In na riƙe ta, gobe zan sayar in ci. Ka ajiye mini sai na yi ƙiba."

Haka Ba Mikail ya koma Ajilari da hula arba'in da uku cif, ga kuɗin napep ya tafi. Ya Kaltum ta ƙirga da ido, ta juya ta ci gaba da aikinta, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

Shekara ta uku ta fi kowace tsanani. Gyaɗa ta yi tsadar da Ya Kaltum ta daina suya. Aka sayar da gado, aka sayar da rediyo, babbar 'yarsu Rahmat ta bar makaranta tana wanke-wanke a gidan wasu ma'aikata. Tukunya ta koma hawa wuta sau ɗaya, wata rana ba ta hawa. Ba Mikail yana ganin duk wannan, kada wani ya ɗauka ba ya gani. Yana fita da asuba ya nemi dako a kasuwa, bayansa na ciwo, ya dawo da abin da ya samu. Sai dai duk lokacin da zuciyarsa ta leƙa ɗakin ciki, sai ya ga ranar da za a tsayar da shi gaban Allah, mutum arba'in da uku a tsaye kai ba hula suna kallonsa. Wannan hoton ya fi yunwa ƙarfi a wurinsa, har zuwa ranar awon hannu.

Maƙwabciyarsu Naomi, mutuniyar kudancin Borno, tana aiki a wani ƙaramin asibiti inda ake ba yaran da suka rame abinci na musamman. Ita ta ga gashin Ammatullahi ya fara ja ta ce a kawo ta. Ya Kaltum ba ta da lafiya ranar, Ba Mikail ne ya saɓa yarinyar a kafaɗa ya kai ta. Naomi ta ɗauko wani siririn ma'auni mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta zagaya shi a damtsen yarinyar ta ja. Ya tsaya a rawaya, dab da ja. Ta sake awo, ta ƙara matsewa kaɗan yadda ba za a lura ba, bai kai ba. Ta kasa kallonsa. Ta ce kayan da suka rage kaɗan ne, an ba su umarni sai wanda ya kai ja.

"Baba, ka dawo da ita bayan mako biyu. Yadda nake gani, lokacin ta kai."

Ya yi godiya, don bai san me ake cewa ba in an gaya wa mutum haka. A hanya yarinyar ta yi barci a kafaɗarsa. Shi da ya yi shekara talatin yana auna kawunan mutane da tafin hannu, ya sa babban yatsa da manuni ya zagaye damtsen 'yarsa, suka haɗu har da saura. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji haushin kansa, ya ji haushin mutum arba'in da ukun nan da ba su mutu ba ba su kuma dawo ba.

Washegari da hantsi ya zuba hulunan a jaka. Bai yi bismillah ba, don ya ga bai dace a yi ta a kan irin wannan ba. Bai gaya wa Ya Kaltum inda za shi ba, ita ma ba ta tambaya ba, tana kwance tana kallonsa ta ƙofa. Ya tafi Kasuwar Kwastam a ƙafa, jaka a ka, yana jin kamar duk wanda ya wuce ya san abin da ke ciki. A shagon Alhaji Hashim ya sauke, ya ce ya kawo, a ba shi geron.

Alhaji Hashim ya buɗe jakar da murna, ya ɗauko ta farko ya fito da ita bakin shago inda rana take. Murnar ta ragu. Ya ɗauko ta biyu, ta uku, ta goma. A duhun ɗakin Ajilari, a idon mutumin da ke ganin su kullum, hulunan suna nan yadda suke. A hasken kasuwa kuwa, kusa da sababbi, duk sun zama launi ɗaya, wani fari-fari mai kama da ruwan shinkafa. Zanen ya koɗe, zaren ya yi gashi, wasu da ka ɗan ja sai su buɗe baki. Shekara uku na sabulu da buroshi sun cinye su. Alhaji Hashim ya tambaya sau nawa ya wanke su. Ba Mikail ya ce duk lokacin da aka ce an buɗe hanya. Alhaji ya riƙe baki. Ya ce ko da ma lafiyarsu ƙalau, yanzu kowane tanti a sansani ɗinkin hula ake, sababbi sun cika kasuwa. Waɗannan kuwa ko kyauta ya ba yaran shago ba za su sa ba. Ya mayar da su jaka da kansa, a hankali, ya ɗaura masa a ka.

Ba Mikail bai san yadda ya iso gida ba. Ya sayar da amana a zuciyarsa, Allah ya gani, kuma ko ƙwayar gero bai samu ba. Ya mayar da kowace hula kan itacenta da ƙwaryarta, ya fito ya zauna a rumfa ya yi tagumi.

Amma an gan shi ya tafi da jaka, an kuma gan shi ya dawo da ita. Wani ya tambayi Alhaji Hashim, shi kuwa don ya rufa masa asiri ya ce ciniki ne bai yiwu ba. Kafin labarin ya iso Ajilari ya yi ƙiba. Aka ce buhu biyar aka ajiye masa ya ƙi. Aka ce goma ne, da keken ɗinki a kai. Aka ce ya kai hulunan ne musamman don ya nuna wa Alhaji su a idon jama'a, ya ce masa amana ba ta da farashi. Ranar Juma'a bayan la'asar liman ya miƙe a masallacin unguwa ya ce a wannan zamani da aka rasa wanda za a ba ajiyar allura, ga wani bawan Allah a cikinmu, 'yarsa na ramewa, an jarrabe shi da dukiya ya juya mata baya. Ya ce abin kunya ne unguwa ta bar irin wannan mutum da yunwa.

Ba Mikail ya miƙe a sahu na uku.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah. Sayarwa na kai su. Shi ne ya ƙi saya."

Sai wani dattijo ya ce Allahu akbar, ku ji tawali'u. Liman ya gyaɗa kai ya ce haka salihai suke, ba sa son a san aikinsu. Ba Mikail ya rantse, aka ƙara yaba masa. Ya ce a je a tambayi Alhaji Hashim, aka ce ai Alhaji ba zai faɗi abin da zai ba shi kunya ba. Mutane suka yi layi suna shafa hannunsa suna shafawa a fuska, wani ma ya roƙe shi ya tofa wa ɗansa addu'a.

Kafin magariba kwanuka sun fara shigowa gidan. Unguwar ba mai arziki a cikinta, amma wannan mudun gero, wancan rabin mudun masara, wata ta kawo kuka da daddawa. Naomi ta shigo da wake a ɗaure cikin ɗankwali, ta ce a cocinsu ma an ba da labarinsa. Ba Mikail yana tsaye a ƙofa yana gaya wa kowa cewa kuskure ne, ba shi ya cancanta ba, suna cewa Allah ya ƙara masa, suna wucewa ciki su juye.

Da ƙafa ta ɗauke ya shiga ya tarar Ya Kaltum ta tashi, ta cire hula daga kan tukunyarta ta ajiye a gefe, ta ɗora ruwa. Ya ce ta dakata. Ya ce abincin nan an kawo shi ne don wani mutum mai amana, shi kuwa ba shi ba ne, bai san ko ya halatta su ci ba. Ya tsuguna kusa da murhu ya gaya mata komai, tun daga bismillar da bai yi ba har zuwa yadda Alhaji ya ɗaga hula a rana. Ya ce ya faɗa a masallaci ba wanda ya yarda.

"Ni na yarda," in ji ta. "Na ga fuskarka da za ka fita."

Ya ce to ta taya shi roƙon gafara, don ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba, kuma yana nadama. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba. Sai da ta gama ta kakkaɓe hannu, ta dube shi, idonta ya cika.

"Baban Rahmat, gafara ka nema wurin Allah, wannan tsakaninku ne, ba zan shiga ba. Amma kada ka yi nadamar nan a gabana. Shekara uku ina kwana ina tashi ban sani ba ko akwai ranar da za ka ɗauke mu ka ajiye su. Yanzu na sani. Ka bar mini wannan ranar."

Ta miƙa masa muciya ta ce ya riƙe mata, za ta je ta taso Ammatullahi ta sha ruwan kunu kafin tuwo ya nuna.